Ɗan farina ya fara bin sawun kawunsa: shi ke nan ya lalace?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yana 5. Maigidan dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kafin asuba yake fita, sai bayan isha'i muke ganinsa. Damuwata babban yaronmu ne, ɗan farina, shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Har ya kai shekara 14 ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsa, boko da Islamiyya duk yana zuwa. Daga nan ya juye. Sai ya sa kayan makaranta ya fita, ashe wajen gadar Pen Cinema yake yini da wasu samari. Ya daina Islamiyya. Sau biyu yana ɗaukar mini kuɗin adashi. Na ji warin wiwi a rigarsa, ƙanwarsa kuma ta tsinci ƙwayoyi a aljihunsa. Watan jiya aka yi faɗa a unguwa, 'yan sanda suka kwashe su, ya kwana a sel sai da muka yi belinsa.

Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya haka ya fara yana saurayi. Yau ya haura 40, ba sana'a, aure biyu ya mutu masa, shaye-shaye ya cinye shi. Duk sanda yaron ya yi laifi sai maigidan ya ce halin kawunsa ya ɗauko, jininmu ne. Ya yi duka har ya gaji. Yanzu ya ce ɗaya cikin biyu: ko a kai shi gidan mari a Arewa, ko a cire shi daga makaranta a saya masa babur ya je ya nemi na kansa. Ni kuma ban saba zama da shi mu yi magana ba, kin san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na faɗa. Ranar da ya sake ɗaukar kuɗin, saura kaɗan na yi masa baki. Anti, da gaske ne yaron da ya fara haka a waɗannan shekarun shi ke nan rayuwarsa ta lalace? Kuma me zan ce wa mahaifinsa?

Uwa a Agege

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, rayuwarsa ba ta lalace ba. Sai dai ba zan ce miki ƙuruciya ce kawai, ki kwantar da hankali zai daina ba. Abin da kike tsoro yana faruwa, kin gani da idonki a gidanku, masana kuma sun daɗe suna auna shi.

A Birtaniya akwai dubban mutane da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1946, waɗanda masu bincike suka riƙa bibiyar rayuwarsu tun suna zanen goyo. Da suka kai shekara 13, da kuma 15, an tambayi malamansu halin kowane yaro: gudun makaranta, ƙarya, rashin biyayya, yawan makara, ƙin jin horo. Aka ajiye takardun, aka ci gaba da bin mutanen har suka kai shekara 53. A 2009 Ian Colman da abokan aikinsa suka buga abin da suka gano game da mutum 3,652 daga cikinsu a mujallar likitoci ta BMJ. Cikin waɗanda malamai suka fi kuka da su, kusan 65 cikin 100 sun bar makaranta ba takardar komai a hannu. Cikin waɗanda ba a yi kuka da su ba, kusan 31 ne. Da aka haɗa wahalhalun girma wuri guda, wato ciwon damuwa, shan giya, mutuwar aure, rashin aiki da ƙuncin kuɗi, 40 cikin 100 na kangararrun sun faɗa rukunin da ya fi kowa shan wuya. Waɗanda ba a yi kuka da su ba kuwa 17 cikin 100 ne.

To, ki sake duba lissafin nan daga ɗaya gefen. Ko cikin yaran da suka fi kowa kangara, 60 cikin 100 ba su faɗa wannan rukuni ba. Wata mai bincike a Amurka, Lee Robins, wadda ta nemo yara 524 da aka taɓa kai wa asibitin gyaran hali a birnin St. Louis bayan shekara 30 ta ga yadda suka ƙare, ta bar mana magana mai fuska biyu: kusan duk babban da ya zama annoba ga jama'a, in ka tona, tun yana yaro ya fara, amma mafi yawan yaran da suka fara ba su zama irin wannan babban ba. Ke da maigidanki kuna kallon yayanki ne kuna lissafi daga ƙarshe zuwa farko, shi ya sa hanyar ta zama muku guda ɗaya. Samarin da suka yi yawo tare da shi a wancan lokacin, nawa ne yau suke da shago da iyali, har ana sa su gaba a sha'anin unguwa? Su ba wanda yake tuna tarihinsu.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wasiƙarki shi ne da kika ce har shekara 14 ba a kawo miki ƙararsa ba. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, kuma daga aikin nan ne wata mai bincike, Terrie Moffitt, ta fito da bayani a 1993 cewa yaran da ke aikata ɓarna kashi biyu ne, duk da cewa a shekara 16 ba ka iya bambanta su da ido. Kashi na farko kaɗan ne, kusan 1 cikin 10 na yara maza. Su tun suna shekara 3 ko 5 ake fama da su, cizo, duka, zaluntar dabbobi, rashin zama wuri ɗaya, wahalar karatu, kuma su ne abin ya fi bi har girma. Kashi na biyu sun fi yawa, kusan 1 cikin 4. Yarinta lafiya lau, sai da balaga ta zo suka birkice. Jiki ya zama na babba, amma ba kuɗi, ba iko, ba mai jin maganarsa, ga shi ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya tsaya ya auna abin da zai biyo baya ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sai yaro ya waiga ya ga waɗanda ke da abin da yake so. A Legas ba sai ya yi nisa ba: ga 'yan kamasho a tasha suna karɓar kuɗi daga kowace danfo, ga masu damfara ta intanet da waya mai tsada, ga samarin da kowa ke kauce wa a layi. Yawancin 'yan wannan kashi suna dawowa hanya idan suka samu aiki da nauyi a kansu. Bisa abin da kika faɗa, ɗanki ya fi kama da su.

Amma da aka koma wa 'yan kashi na biyun suna shekara 26, ba duka aka tarar sun fita fes ba. Da yawa suna fama da shaye-shaye, bashi da ƙananan laifuka. Dalilin da Moffitt ta bayar shi ne zuciyar amsata gare ki. Ta ce akwai tarkuna. Yaro yana iya daina rashin ji, amma idan kafin ya daina ya bar makaranta, ko ƙwaya ta kama jikinsa, ko ya shiga kurkuku, ko ya yi wa yarinya ciki, ko ya ji raunin da ba ya warkewa, to hankali zai zo ya tarar ƙofofi sun riga sun rufe. Halin shekara 16 yana wucewa, abin da ya jawo shi ke zama. Ki zauna ki tuna tarihin yayanki da kyau. Ina kyautata zaton za ki ga shekarar da ya bar karatu, da wadda aka kore shi daga gida ko aka yi fushi da shi aka zuba masa ido, da wadda ya koma ba ya iya wuni sai ya sha. Aikinku ke da mahaifinsa a shekara biyu ko uku masu zuwa shi ne ku tsallakar da yaron nan ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙe masa ƙafa ba, ko da kuwa kuna ci gaba da jin haushinsa kullum.

Shi ya sa zaɓi biyun da maigidan ya kawo duka ban yarda da su ba, duk da na fahimci gajiya da kunyar idon jama'a ne suka kai shi nan.

Batun babur ba ya buƙatar dogon bayani. Shekararsa ba ta kai ta lasisi ba, sai 18. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe inda Mile 12 take, kuma baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Ga haɗari, ga tiramol da ya yi katutu cikin sana'ar saboda a jure gajiya. Yaron da aka samu ƙwaya a aljihunsa, a ba shi kuɗin kashewa kullum da abin hawa, a raba shi da makaranta, an haɗa masa tarko biyu rana ɗaya.

Gidan mari kuwa, don Allah ki tsaya tsayin daka. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu suna bayar da labarin lalata da aka yi da su. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irinsa a Daura, Ilorin da Ibadan. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, irinku ne, sun rasa yadda za su yi, kuma kuɗi suke biya. Ko a ce an samu wurin da ba a azabtarwa, akwai matsalar da ba ta gyaruwa: an tara kangararru wuri ɗaya. A 1999 masana uku, Dishion, McCord da Poulin, suka nuna cewa shirye-shiryen gyaran hali da ke haɗa irin waɗannan samari rukuni guda suna iya ƙara lalata su, domin junansu suke koya wa, kowa yana burge ɗan'uwansa da labarin ɓarna. Wanda ya shiga da wiwi sai ya fito ya san dillalai. A Amurka an gwada kai yara marasa ji cikin kurkuku, fursunoni su razana su don su ji tsoro. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen, yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Tsoro yana sa yaro ya yi laushi mako biyu, ba ya koya masa komai. Abin da yake tafiya da shi har girma shi ne iyayensa sun miƙa shi an ɗaure.

Haka batun duka. A 2016 an haɗa bincike 75 da suka shafi yara fiye da 160,000, aka ga duka ya fi tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa. Ba ma sai an je nan ba, maigidanki da kansa ya gwada har ya gaji. Saurayi ɗan 16 da ake duka, ko ya gudu ya kwana a tasha, ko wata rana ya riƙe hannun ubansa, kuma duka biyun sun fi abin da kuke ciki muni.

Maganar jini ita ce ta fi yi mini ciwo, domin gori ne a gare ki kuma hukunci ne a kan yaron. Gado yana da nasa rabo a halin mutum, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna haka, amma rabo ne, ba ya yanke wa kowa ƙaddara. Ɗan Annabi Nuhu daga tsatson annabi ya fito ya ƙi jirgi, Annabi Ibrahim kuma a gidan mai bautar gumaka ya tashi. Yaron da kullum ake ce masa kai kawunka ne, an gaya masa ba amfanin ƙoƙari. Kuma a duba yadda Annabi Nuhu ya kira ɗan nasa ruwa yana tasowa, a Suratu Hud: ya ƙaramin ɗana, hau tare da mu. Bai kira shi da sunan laifinsa ba. Bakin da kika haɗiye kuwa, Allah ya saka miki. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, kada mu dace da sa'ar amsawa. In ranki ya ɓaci ki ce Allah ya shirye ka, ki bar wurin.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kunnen basira, don ke ya shafa. Alkunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, kuma a gida tana da abin da ke riƙe ta. Uwa ta kawar da kai ne domin akwai kaka, akwai goggo, akwai matar baffa, wani lokaci ma a hannunsu yaron yake tashi. Su ke jin cikinsa, su ke lura in ya sauya. Mu da muke Ikko mun taho da kunyar, mun baro kakar da goggon a Arewa. A gidan haya a Agege, uba ya fita kafin asuba, uwa ba ta faɗin sunansa, wa ya rage wa yaron nan? Samarin gindin gada su kaɗai suke tambayarsa yaya yake. Ban ce ki zubar da kara ba. Ki kira shi da laƙabin da kika saba, amma ki kira shi. Ki sa shi ya raka ki kasuwa ya riƙe miki kaya, ki zuba masa abinci da hannunki ki zauna kusa. Samari sun fi buɗe baki ana tafiya ko ana wani aiki, ba a zaunar da su ana kallon idonsu ba. Ranar farko ba zai ce komai ba, ta biyu ma haka. Ki ci gaba.

Idan ya fara magana, tambayar da za ki bi a hankali ita ce: me ya faru yana shekara 14? Yaron da ke zuwa makaranta biyu ba ya juyewa haka kawai. Wani lokaci abokai ne kurum. Wani lokaci kuwa manyan ɗalibai ne ke ƙwace masa kuɗi har ya nemi masu kare shi, ko karatun babbar sakandare ya fi ƙarfinsa yana jin kunyar a gane, ko rasuwar wani da ya shaƙu da shi, ko rigima a gida da kuke zaton bai sani ba. Akwai kuma wanda ba ma son faɗa, wato wani babba ya taɓa shi ta hanyar banza. Yana faruwa da yara maza, kuma ba sa faɗa. Ciwon damuwa a jikin saurayi sau da yawa da fushi da faɗa yake fitowa, ba da kuka ba. Duk abin da ya faɗa miki, kada ki yi salati ki tafa hannu, kada kuma ya ji shi a bakin maƙwabta.

Ƙwayoyin da aka tsinta, in suna nan, ki kai wa mai kantin magani mai rajista ya gaya miki ko mene ne. In tiramol ne, ki sani na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa yana kai 225, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa rana ɗaya sai da likita. Wiwin ma yanzu akwai mai haɗin sinadari da samari ke kira Kolorado, wanda ke iya birkita ƙwaƙwalwa daga sha ɗaya. Kada ki ɗauka gidanku kaɗai abin ya faɗa wa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu cikin shekara guda a Najeriya, kuma yankin Kudu maso Yamma da muke zaune ya fi ko'ina, da kashi 22.4 cikin 100. Ku kai shi a duba shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, yana kuma kula da masu shaye-shaye. Asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi kusa da ku, na LUTH kuma yana Idi-Araba cikin 'yan'uwanmu. Na san abin da mutane za su ce in sun ji an ambaci Yaba. Ba dole su ji ba, kuma zuwa wurin likita tun abin yana sha'awa ya fi zuwa bayan ya zama ciwo. Yayanki ma ƙofar nan a buɗe take gare shi. Masu bincike biyu, Sampson da Laub, da suka bi tarihin yara 500 da aka tsare a gidajen horo a yankin Boston har zuwa shekara 70, sun tarar kusan dukkansu sun daina laifi a ƙarshe, wasu da wuri wasu a makare, kuma abin da ya fi juya su shi ne aiki tsayayye, aure mai kyau da aikin soja. In yayan naki yana Arewa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna.

Makaranta ita ce abin da za ku riƙe da hannu biyu. Saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya zauna WAEC. Ku je makarantar ku biyu, ba aike ba, ku ga malamin ajinsa, ku karɓi lambarsa ku ba shi taku, a yi yarjejeniya duk ranar da bai shiga aji ba a kira ku kafin ƙarfe 10. Yaro in ya san labari zai riga shi isa gida, rabin yawon ya mutu. In abokan ɓarnar a makarantar suke, a sauya masa wata. In kuma ta tabbata karatun littafi ne ya gagare shi, jihar Legas tana da kwalejojin fasaha 5, a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba, inda ake koyon lantarki, kanikanci, gini da sauransu a fito da takardar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i. Ta Agidingbi ba ta da nisa da Agege. Ko maki kaɗan ya ci, takarda a hannu tana ba shi damar gyarawa yana ɗan 22, lokacin da hankali ya zo.

Kwanan sel ɗin nan kuma ya zama na ƙarshe da yardar Allah, amma ki shirya. Ki nemo takardar haihuwarsa ki ajiye inda hannunki zai kai. Dokar kare haƙƙin yara ta Legas ta 2007 ta ce wanda bai kai 18 ba kotun iyali ake kai shi, ba a haɗa shi da manya, sai dai yaro mai tsayi da ba shi da shaida cikin sauƙi ake rubuta masa 19 ya tsinci kansa a kurkukun Kirikiri ko Ikoyi, inda mafi yawan mutanen ciki jiran shari'a suke yi. Jihar tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, ana kiransa OPD. Sannan ki sa ido kan abu guda da ya fi wiwi haɗari. Kin san labarin 'yan Awawa, samarin ƙungiyar asiri a Agege, ba sai na gaya miki ba. Dokar da gwamna Sanwo-Olu ya sa wa hannu a 2021 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, 15 ga mai ba su mafaka. In kika ga sabon zane ko tsaga a jikinsa, wuƙa ko gatari a ɓoye, kiran waya da tsakar dare da yake fita ba shiri, ko ya fara tsoron bin wani layi, to a nan ne fitar da shi daga Legas ya zama dole, kuma da gaggawa. Amma wurin mutum takamaimai, baffa ko kawu mai sana'a da zai riƙe shi a jikinsa, da takardar sauya makaranta a hannu. Kai shi ƙauye a ajiye wurin tsohuwa ya yini a bakin titi ba magani ba ne, Arewa ma tana da 'yan daba da 'yan sara-suka da nata ƙwayoyin.

Saura abin da za ki ce wa mahaifinsa. Kada ki tayar da maganar ranar da yaron ya yi laifi, ko a gaban yara, kada kuma ki tsaya kare danginki, za ku ɓata dare a kan yayanki ku manta da ɗanku. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa: Alhaji, na san ka gaji, ni ma na gaji, abu ɗaya nake roƙo, a ba mu zango biyu na karatu kafin a yanke hukunci. In kin san ba zai ji daga bakinki ba, ki bi ta wanda yake jin nauyi, limamin masallacinsu, ko yayansa, ko wani dattijo cikin shugabannin kasuwa. Sannan ki roƙe shi abin da ya fi kuɗin babur tsada a wurinsa, wato lokacinsa. Ranar Asabar da lokacin hutu ya tafi da yaron Mile 12, a gefensa, ba a sake shi cikin kasuwa ba. Ya ba shi aiki na gaske: ƙirga buhu in mota ta sauke, riƙe littafin bashi, duba kuɗin da aka turo ta waya. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Yarbanci da Turancin Legas, mai yiwuwa fiye da ubansa, kuma masu sayen albasa yawancinsu da shi suke ciniki. Ranar da mahaifinsa ya ce masa zo ka yi mini magana da matar nan, a gaban mutane, ya samu girman da yake nema a gindin gada. A yanka masa lada, daga ciki a riƙa cire kuɗin adashinki kaɗan-kaɗan har ya biya duka, a rubuce, ya gani yana raguwa. Satar ba za a yafe ta a share ba, ba kuma za a yi ta goranta masa ita ba. Ki daina ajiye kuɗi a ɗaki.

Dokokin gida su zama kaɗan waɗanda za ku iya tsarewa: lokacin dawowa, zuwa makaranta, ba a shigo da kayan maye. Hukuncin karya su ya zama sananne tun kafin a karya, kamar karɓe waya na kwana biyu, kuma bakinku ya zama ɗaya. Zai karya. Zai yi wata guda lafiya ya sake ɓata muku rai, wannan ba ya nufin aikin ya rushe. Islamiyya kuwa, saurayi ɗan 16 da wuya ya koma zama cikin ƙananan yara, a nema masa karatun manya na bayan magariba inda zai zauna da waɗanda suka girme shi.

Ƙanwarsa da ta tsinci ƙwayoyin, kada a bari ya san ita ce, kuma kada a mai da ita mai leƙen asirinsa. In kuwa ya yi jijjiga, ko ya fara surutu shi kaɗai, ko ya kwana biyu ba barci, ko ya furta cewa gara ya mutu, a ranar za a kai shi asibiti, ba a jira mahaifinsa ya dawo daga kasuwa ba. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767.

Ki rubuto mini bayan zangon farko in ji inda aka kwana. Allah ya sa mu ji alheri.